Kafin ka sayi ɓeran kwamfuta don zanen gini, fara danna tsakiyarsa

Kowace sana'a tana da ɗan kayan aikin da mai ita ba ya wasa da shi. Tela ba ya ba da aron almakashinsa, wanzami ba ya barin kowa ya taɓa askarsa, manomi kuwa tun daga ƙota yake gane fartanyar da ta dace da hannunsa. Mu masu zanen gini namu shi ne ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda wasu ke kira ɓeran kwamfuta, wasu linzamin kwamfuta, 'yan kasuwa kuma su ce maus.

Ni ɗan Bebeji ne, kuma da zanen gidaje da shaguna da azuzuwa nake cin abinci. Aikin yakan kai ni Kiru da Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa. Duk inda na je sai na haɗu da ɗaliban sakandare masu sha'awar zama akitek, tambayarsu kuma ɗaya ce: "Yaya, wace laftof zan saya?" Ba mai tambayar ɓera. To, ƙannena, yau shi na kawo muku, domin shi ne fensirinku.

Zanen gini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830, zamanin da magina ke shata gida a ƙasa kafin su ɗora tubali. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumarmu, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, da hannu aka zana ta a kan takarda, don sai a watan Disamba na 1982 manhajar AutoCAD ta fito. Shi kansa ɓeran, a 1964 aka ƙera na farko a Amurka, bisa tunanin Douglas Engelbart, ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya. Yau duk ofishin zane da ka shiga, shi ne a hannun ma'aikata.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai buga takarda maɓallin hagu ya ishe shi, amma mai zane rabin aikinsa yana kan 'yar tayar nan ta tsakiya. A AutoCAD, idan ka murza ta gaba zanen ya matso, ka murza baya ya yi nisa. Idan ka danne ta ka ja, zanen ya bi hannunka duk inda ka nufa. Ka danna ta sau biyu da sauri, zanen ya bayyana gaba ɗaya a allo. A SketchUp kuwa, danne ta ne ke juya ginin ka gan shi ta kowace kusurwa. Ka ɗauka ana zana ginin azuzuwa uku: yanzu kana kan taga, anjima kana kan baranda, sai ka koma duba kaurin bango. Kafin azahar ka danna tayar nan sau ɗaruruwa. Shi ya sa faifan shafawa na jikin laftof ba ya ɗaukar wannan aiki.

Bara wata ƙanwata daga Tudun Wada, 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ta zo hutu gidanmu. Mahaifinta masara ya sayar ya saya mata tsohuwar laftof, da canjin kuma aka haɗo mata wani ɗan mitsitsin ɓera marar waya, mai walƙiya kala-kala. Mako biyu tana koyo, sai ta same ni ta ce, "Yaya, ni dai na haƙura, kaina ba ya ja, ga hannuna sai ciwo." Na karɓi ɓeran na danna tsakiyarsa. Tauri kamar dutse, idan ma ya dannu sai tayar ta murzu, zanen ya tsere. Na miƙa mata wani tsoho mai waya da ke cikin durowata. Kafin la'asar ta zana ɗaki biyu da falo, har da ƙofofi. Yarinyar da ta kusa yanke wa kanta hukuncin daƙiƙanci, ashe kayan aiki ne ya ci amanarta. Wannan ne ya fi damuna: yara nawa ne suka bar abin da suke so a kan irin wannan ƙaramin dalili, ba wanda ya gaya musu?

Saboda haka idan za ka saya, je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka ce wa mai shago, "Malam, don Allah a jona min shi a kwamfuta in gwada." Sai ka duba abubuwa biyar.

Na farko, tayar tsakiya. Buɗe Chrome, ka buɗe shafuka biyu ko uku, ka ɗora kibiya a kan sunan ɗaya daga sama ka danna tayar. Idan tana aiki shafin zai rufe nan take, ko babu intanet. Maimaita sau goma. Ta dannu cikin sauƙi ba tare da ta murzu ba, kuma idan kana murza ta ka riƙa jin tana tafiya daki-daki.

Na biyu, girmansa. Ɗora tafin hannunka gaba ɗaya. Idan sai ka tanƙware yatsu kamar ƙaguwa kafin ka riƙe shi, ajiye. Ƙananan nan na matafiya ne, ba na mai zaman awa huɗu ba.

Na uku, waya. Marar waya yana da daɗin sha'ani, amma batir yake ci, kuma ɗan kan da ake soka wa kwamfuta bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ranar da ya ɓace a Riruwai ko Daɗin Kowa, yawanci ɓeran ya tashi aiki ke nan. Ga ɗalibi mai waya ya fi: ya fi araha, ba caji, ba batir.

Na huɗu, lambar DPI da ake rubutawa a kwali. Ma'anarta ɗigo nawa kibiya za ta yi a allo idan ka matsar da ɓeran inci ɗaya. Faɗin allon yawancin tsofaffin laftof ɗigo 1366 ne, ka ga a DPI 1600 motsin inci ɗaya ya ƙetare allon kaf. Tsakanin 800 da 1600 ya ishi mai zane. Masu dubbai barkatai don 'yan wasan gem aka yi su. Buɗe Paint ka ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan layin ya yanke ko kibiyar ta yi tsalle, nemi wani.

Na biyar, shimfiɗa. Idon da ke ƙarƙashin ɓera ba ya gani sosai a kan gilashi ko tebur mai sheƙi. Sayi ɗan faifansa, in babu kuɗi bangon littafi marar ƙyalli ya wadatar. Lokacin hunturu ka riƙa rufe shi da ƙyalle, ƙura ce ke fara kashe tayar.

Za ku ga manya na amfani da masu tsada, irin su Logitech MX Master, ko SpaceMouse na kamfanin 3Dconnexion da ake riƙewa da ɗaya hannun a juya gini. Suna da kyau, amma wani cikinsu ya fi kuɗin buhun shinkafa nesa ba kusa ba. Kada ka ɗora wa Baba wannan nauyi. Lokacinsu zai zo idan aikin ya fara biyan kansa.

Sannan ka kula da hannunka, don ba a sayar da shi a kasuwa. Kada wuyan hannu ya karye sama ko gefe, gwiwar hannu ta zauna kusa da jiki, duk bayan rabin awa ka tashi ka miƙe. Ka raba wa ɗaya hannun aiki a kan madannai: a AutoCAD, L na kiran layi, C da'ira, Esc na soke umarni, dogon maɓallin ƙasa kuma na maimaita umarnin da ya wuce.

Hanya kuwa a buɗe take. Ga kwalejin fasaha a Bagauda nan kusa da mu. Ana karanta zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero, da ta Aliko Dangote a Wudil, da makarantar nazarin muhalli ta Kano Poly da ke Gwarzo. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai damar amfani da AutoCAD kyauta idan sun tabbatar da ɗalibtarsu, LibreCAD da FreeCAD kuwa kyauta ne ga kowa. Ku riƙe lissafi da fiziks da kyau, kada kuma ku yar da fensir da rula.

Ga aikin wannan hutun: auna ɗakin da kake kwana da tef, ka zana shi a takarda, sannan ka zana shi a kwamfuta, ko ta aro ce. Daga nan za ka san ɓeran da hannunka yake so, don sai an gwada akan san na ƙwarai.