Furen Bado da Shaidu Biyu Masu Saɓani

Idan damina ta yi nisa, kogin Kafin Hausa ya malala cikin fadamu, bado kan shimfiɗa ganyensa a kan ruwa, farin furensa ya buɗe. Yara kan ɓare 'ya'yansa su ci, dattawa kuwa sun san shi da rufa asiri a shekarar da rumbu ya yi ƙasa. Masana tsirrai sun san shi da wani abu dabam: a zuriyar tsirrai masu fure, reshensa na cikin na farko da suka rabu da saura. Gero, dawa, riɗi, zoborodo, kuka da dabinon Dutse duk daga rassan da suka biyo baya suke.

To, yaushe zuriyar ta soma? Tun a 1879 Charles Darwin ya koka wa abokinsa Joseph Hooker, a cikin wasiƙa, kan yadda furanni suka bayyana kwatsam a tarihin ƙasa. Har yau shaidu biyu ne ke ba da amsa, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Shaida ta farko ita ce burbushin tsirrai da ya daskare cikin duwatsu. Bununi, wato ƙurar da fure ke fitarwa, yana da ɓawo mai tauri da ke jure dogon zamani. Mafi tsufan bununin da masana suka amince na masu fure ne ya kai shekara miliyan 135. A 2001 kuma aka bayyana wani ɗan mitsitsin fure daga Fotugal, dangin bado, mai shekara miliyan 115 zuwa 125. Raunin wannan shaida a fili yake: burbushi na nuna cewa tsiro ya riga ya wanzu a wani lokaci, amma ba ya faɗin ranar da ya fara.

Shaida ta biyu ita ce agogon ƙwayoyin gado, wanda Émile Zuckerkandl da Linus Pauling suka aza harsashinsa a 1962. Misalinsa kamar littafi ne da almajirai ke kwafa da hannu: kowane kwafi na shigar da 'yan kurakurai, don haka yawan bambancin kwafi biyu na nuna daɗewar rabuwarsu. Masana kan ƙirga bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin gadon bado da na gero, su daidaita lissafin da burbushin da aka san shekarunsa. Amsoshin sukan faɗa tsakanin shekara miliyan 140 da 250. Wani babban bincike na 2019 ya ce kusan miliyan 209. Sai dai agogon ba ya tafiya bai ɗaya, domin ciyayi masu sabunta iri kowace shekara sun fi bishiyoyi irin su kuka saurin tara sauyi.

Giɓin da ke tsakani ya haura shekara miliyan 70. Idan duwatsu ke da gaskiya, furanni sun mamaye duniya cikin hanzari. Idan agogo ne, sun daɗe a ɓoye, ƙanana kuma 'yan kaɗan, a wuraren da ba a tona ba tukuna.

Nan ne batun ya shafi wannan yanki, domin yawancin tonon an yi shi ne a Turai, Amurka da Sin. Yashin Kafin Hausa bai kai tsufan da ake nema ba, duwatsun Dutse kuwa daga narkakken dutse suka daskare, ba sa riƙe burbushi. Amma a ƙasar Sakkwato, shimfiɗar duwatsun Gundumi na ɗauke da itatuwan da suka zama dutse. Kusa da Ingal a Nijar, inda aka haƙo ƙasusuwan dabbar Jobaria da Paul Sereno ya bayyana a 1999, akwai duwatsun zamanin Jurasik, wato ainihin zamanin da ake gardama a kansa. Manyan ƙasusuwa ne suka yi wa wurin suna, alhali amsar wannan tambaya na iya kasancewa a cikin ƙurar da ido ba ya gani.

Neman bununi bai buƙatar babbar tawaga. Ɗan guntun dutsen laka, sinadarin narkar da shi, madubin ƙara girman abu da haƙuri sun wadatar. Aiki ne da ɗalibi a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse zai iya koya, ya kuma fara shi da bununin badon da ke fadamar garinsu.