Mazaunin madubi

A Dakoro, arewa da Maradi, wani malamin lakkol ya so ɗalibansa su ga duwatsun da ke bisa wata. Yana da madubi guda ɗaya tak, mai faɗin santimeta 15, wanda wani abokinsa ya aiko masa daga nesa. Ba irin madubin duba fuska ba ne. Cikinsa yana da ɗan zurfi kamar faranti, don ya tara hasken taurari wuri guda. Wani Bature ɗan Ingila, Isaac Newton, shi ya ƙera madubin hangen nesa irin wannan a shekarar 1668.

Malam ya samu dogon bututu. Saura mazaunin da madubi zai zauna a gindinsa. Sai ya tafi wurin wani kafinta.

Kafinta ya ji tsoro. In madubin nan ya faɗi ya fashe, ina za a samo wani? Ya yanka katako, ya kwantar da madubi, ya danne shi da ƙarafa huɗu, ya ɗaure tam.

Da dare yara suka taru. Aka auna Kaza da ƴaƴanta. Wayyo! Kowane tauraro ya fito da ƙahoni, babu mai kyan gani ko ɗaya.

Malam ya ce: «Mun matse shi da yawa. Gilashi yana lanƙwasa, ko da ido ba ya gani. Lanƙwasar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimeta ba ta isa ta ɓata hoto.»

Kafinta bai ji daɗi ba, don ya yi aikin da zuciya ɗaya. Washegari yana zaune a gida yana tunani, ɗiyarsa tana hura wuta. Ta ce: «Baba, dubi tukunya. Ba wanda ya ɗaure ta, amma ba ta motsi.»

Ya dubi murhu. Duwatsu uku ne. Kujera mai ƙafa huɗu takan yi rawa in ƙasa ba ta daidaita ba. Mai ƙafa uku kuwa ba ta yi.

Ya koma aiki. Ya manna ƴan guntayen robar taya guda uku bisa katako, ya aza madubi a kansu. Ƙarafan gefe ya mai da su uku, ya bar tsakaninsu da gilashi ɗan fili kamar kaurin takarda. Suna tsaron madubi kada ya faɗo, amma ba su taɓa fuskarsa. Ya huda ramuka a katako don iska ta shiga, gilashin da ya sha zafin rana ya huce da wuri. A baya ya sa ƙusoshi uku masu murɗawa, na daidaita madubi.

Da ya ɗauki mazaunin ya girgiza shi kaɗan, sai ya ji madubi ya yi ƙwas. Gabansa ya faɗi. Malam ya ce: «Haka ake so.»

A daren nan taurari suka fito ƙanana, kamar tsinin allura. Aka juya bututu wajen wata. Ɗiyar kafinta ce ta fara sa ido. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na bayanta suka soma tura ta.