Neman Tsami a Garin Ɗan Majemi

Da hantsi jirgin ƙasa ya tashi da mu daga Paris. Bayan kamar awa biyu muka sauka a Dole, inda aka haifi masanin kimiyya Louis Pasteur a 1822. Ban zauna ba, na kama ƙaramin jirgi zuwa Arbois, garin da ya yi wayo. Hagu da dama gonakin inabi ne, a jere kamar kunyoyin gero, sai dai su tudu suke hawa.

Gidan su Pasteur na bakin kogin Cuisance, don mahaifinsa majemi ne, jima kuwa sai da ruwa. Amma ni tsami ne ya kawo ni. Wani manomi ya leƙa da ni cikin tsohuwar gangar giya, ya nuna min ɓawon da ya daskare a jikinta kamar kanwa. Da ya gane ba na shan abin da ake zubawa ciki, sai ya yi dariya ya tsinko min ɗanyen inabi. Ina taunawa haƙorana suka mutu, na ce wannan ai tsamiya ce! Ashe asid ɗaya ne a cikinsu, tartarik, wanda Carl Scheele ɗan Suwidin ya tace daga irin wannan ɓawon a 1769.

A 1848 Pasteur yana ɗan shekara 25 ya duba ƙwayoyin gishirin wani nau'in asid ɗin da madubin ƙara girma. Sai ya ga kashi biyu ne, kamar tafin dama da na hagu: kama ɗaya, amma wannan ba ya hawa kan wancan. Ya zauna da ɗan hantsaki yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ko mai tsintar tsakuwa a shinkafa zai gaji. Da ya narka su, kashi ɗaya ya karkata haske dama, ɗayan hagu. Na inabi da tsamiya na dama ne.

Yau ana sa asid ɗin a alewa da lemon kwalba, gishirinsa kuma na cikin hodar da ke kumbura kek. Kumfar da ke tashi in kanwa ta haɗu da ruwan tsamiya, irin aikin ke nan.

Da na koma Paris, Château Rouge na nufa, kasuwar 'yan Afirka. Na sayi tsamiya ƙulli ɗaya a kuɗin da ba zan faɗa wa mutanen gida ba, na jiƙa ta a kofin otal.