Masarar Kofi a Birnin Meziko

Kwana uku da saukarmu birnin Meziko ni da maigidana, ban sa komai a cikina ba sai burodi da ruwan shayi, don tsoron naman alade. Duk na rame, har ya fara zancen mu koma gida.

Ran Asabar bayan magariba ya lallashe ni muka fita unguwar Koyowakan. A bakin dandali sai ƙanshin masara ya doke ni, kai ka ce damina ce a Kano. Wata dattijuwa ce da tukunya tana tururi, an yi mata layi, 'yan makaranta da masu kwat.

Eskites suke kiran abin. Ƙwayar ɗanyar masara ake dafawa da albasa da wani ganye mai ƙanshi, epazote, a zuba a kofi, a ɗora mayonis da cuku, a matse lemon tsami, a barbaɗa barkono. Maigida ya tambaye ta me ta sa, ta ce man shanu. Ku dai riƙa tambaya 'yan uwa, wasu har da ɓargo suke dafawa.

Cokali ɗaya na kai sai ga hawaye shar!

"Yaji ne?" ya ce.

"A'a Yallaɓai, Inna na tuna, tana gasa mana masara a tsakar gida."

Ashe ma masarar tasu ce, a ƙasar aka fara nomanta shekara kusan 9,000 da suka wuce. Kofi biyu na cinye, zancen komawa gida kuwa ba a sake ɗaga shi ba.