Duwatsun Keita: yawon buɗe ido a ƙofar gidanmu

A lakkwal an koya muna Parc W da duwatsun Aïr, har ana tambayarmu su a jarrabawa. Amma ba mu tuna ranar da wani mushe ya ce muna Adar ma tana da abin kallo ba. Shi ya sa ran Lahadin da ta wuce, mu huɗu na gidan radiyo munka haɗa kuɗin esansi, munka kama hanyar Keita.

Da ka bar Tahoua ka nufi gabas, ƙasa takan fara tashi. Mota ta hau dabagi, duwatsu baƙaƙe ko'ina, sai kuma hanya ta gangara ka ga fadama shimfiɗe ƙasanka, da gawo da garake. A Tamaske munka tsaya shan hura. Daga nan direba ya rage gudu, don kowa na cewa a tsaya ya ɗau hoto.

Abin da ya fi tsaida mu shi ne layukan duwatsu da ke bin jikin tuddai, jere kamar kitso. Baƙo zai ce haka Allah ya yi su. A'a, hannu ne ya jera su. Bayan farin 1984, shekarar da tsofaffi ke kira El-Buhari, aikin furojen Keita ya kankama da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon FAO, PAM kuma tana biyan ma'aikata da cimaka. Maza da yawa sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan. Mata ne sunka fi yawa wurin aikin. Su sunka ɗauko dutse a kai, sunka gina ramu a jikin tudu, anka dasa itatuwa miliyoyi.

Dabarar ba ta da wuya. Ruwan sama in ya faɗo kan fako, gudu yake yi, ya kwashe ƙasa, ya yanka kwari, ya cinye gona. Layin dutse na karya mishi gudu, rami ya riƙe shi har ya nutse. Inda ruwa ya zauna ciyawa ta fito, itace ya kama, rijiya ta daɗe ba ta ƙafe ba.

To amma mun ga abin da bai yi muna daɗi ba. Wasu layukan sun rushe, ba wanda ya maida dutsen wurinshi. Mun gamu da amalanke uku shaƙe da itace, wani ma ɗanye ne. Ba mu zargin kowa, tunda mu na birni mu ke sayen itacen. Sai dai iccen da ya shekara talatin yana girma, gatari ba ya kai awa guda kanshi.

Wurin nan ba ya da ƙofa, ba tikiti, ba mai gadi. Masu gadinshi su ne mu. Roƙonmu ga malamai da uwaye: ku kai yara su gani, ku nemi wata tsohuwa da ta yi aikin ta ba su labari da bakinta, tun suna raye. In kuma a garinku akwai wadda ta ɗauki dutsen nan, ku rubuto muna sunan garin, mu zo da makiro.