Ajuji da Harafin X

Baffana ya rasu da furfura fal a kansa, amma har aka kai shi makwancinsa Ajuji ake ce masa. Ɗan wabi ne. Yayyensa uku sun koma tun suna goye, shi ya sa kakarmu ta laƙaba masa wannan suna, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Da girma ya zo, ya sha roƙon a riƙa kiransa da sunansa na yanka, amma bakin jama'a ya riga ya saba.

Abin da ya tuna mini da shi kuwa, wata hira ce da ƙanena, wanda sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Ya ce su ma suna da 'ya'yan wabi. Idan suka buɗe wata sabuwar ƙofa wadda manhajoji za su riƙa magana da juna ta cikinta, alhali ba su tabbatar za ta ɗore ba, sukan yi wa sunanta tambari, wato gargaɗi ga mai amfani da ita cewa gwaji ce, kada ya jingina da ita.

Alal misali, a ƙa'idar saƙon imel ta 1982 an ware harafin X domin sunayen da ba na hukuma ba. Sai dai wasu 'ya'yan X suka rayu, duniya ta rungume su, har sauya musu suna ya gagara. Akwai X-Forwarded-For, mai nuna adireshin da buƙata ta samo asali. An raɗa masa sabon suna a 2014, amma har yau tsohon na nan daram. Tun a 2012 ma hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta ba da shawarar a daina wannan al'ada.

Masu kula da Java kuwa wata hanya suka bi. A 2017 sun sanya wata sabuwar ƙofa ƙarƙashin sunan jdk.incubator, wato akwatin ƙyanƙyasa. A 2018 da ta yi ƙwari, sai suka mayar da ita java.net.http, suka share tsohon sunan. Masu amfani da ita sun sha wahalar gyara, amma sau ɗaya tak.

Hausawa kan ce suna linzami ne. Ni kuwa na ƙara fahimtar cewa linzamin ba a hannun mai raɗawa yake ba, yana hannun masu kira. Duk wanda zai ba abu sunan wucin gadi, to, ya yanke ranar cire shi tun kafin bakuna su saba. Kakarmu ba ta yanke wannan rana ba, domin ba ta zaci za a kai ga buƙatarta ba. Ni kaina, sai a wurin rabon gado na fara jin an kira Baffa da sunan Usman, har na waiwaya ina neman mai sunan.