Matan Fada: Sa'a Ɗaya a Shekara

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar abin da bai kai sa'a guda ba ce a mota. Ka bar fadar Sarkin Gwandu a baya, ka wuce Ambursa inda filin jirgin sama yake, can gefe kuma fadamar gulbin Rima tana shimfiɗe, shinkafa kore shar, injinan ban-ruwa suna ta ɓaɓatu. Ƙasa ce mai kwanciya, ba ta da manyan duwatsun da samari za su gwada ƙwanji a kansu. Jarrabawar maza a ƙasar Kabi tana cikin ruwa, kuma sunanta Matan Fada.

Wanda ya zo ba lokacin bikin kamun kifi ba zai raina wurin. Reshen gulbi ne mai launin ƙasa, ana iya kiran mutum daga wancan ƙetare ya amsa. Rumfunan manyan baƙi suna tsaye ba kowa sai awaki. Amma ba mai jefa koma a nan, domin Sarkin Ruwa ya hana su a wannan yanki sai ranar da aka buɗe. Shi ne kuma yake gabatar da al'adun gado kafin a shiga, kuma Kabawa sun yi imani shi ke sa kadoji su janye. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, hanin nan shi ke ba giwan ruwa damar yin ƙiba.

A bakin gaɓa na tarar da wani dattijo yana ɗinkin homa. Raga ce da aka ɗaure a jikin lanƙwasassun sanduna, a riƙe ɗaya a kowane hannu, a buɗe cikin ruwa sannan a haɗe baki. Kusa da shi ga gora, ƙatuwa, bakinta daidai shigar hannu, cikinta ya yi santsi saboda gugar ƙirji. A kanta masunci yake kifa ciki ya yi iyo, a cikinta kuma yake zuba ƙananan kifaye. Na ce, "Baba, da wannan kaɗai ake kama abin da ya fi mutum nauyi?" Bai ce komai ba, sai ya juya mini tafin hannunsa. Tabo ne layi-layi, aikin ƙayar bayan giwan ruwa da kaifin marfin kunnenta.

Ranar su, dubban mutane suke jeruwa nesa da gaɓa. Da an harba bindiga sai a kwasa a guje a faɗa ruwa, makaɗa na bin su cikin kwale-kwale. Kafin minti biyar ruwan ya dagule ya koma kamar kunun kanwa, ido ba shi da sauran amfani. Da ƙafa da hannu ake laluben kifin a ramukan gaɓa, a nutse a riƙe numfashi, ga wani yana taka maka kafaɗa. In ka dace, saura ka zura igiya ta kunne ta fito ta baki, ka ja dabbar da ke dukanka da wutsiya har gaban ma'auni. Duk a cikin sa'a ɗaya.

A can Finlan akwai wani dutse a dajin Lappnor, tsayinsa kamar mita 4 kacal, wanda masu hawan dutse ba igiya suke kira Burden of Dreams. Nalle Hukkataival ya kwashe shekaru yana faɗowa kafin ya haye shi a 2016, kuma ba a sake samun wanda ya iya ba sai a 2023, lokacin da Will Bosi na Sukotlan ya hau, bayan ya yi atisaye a kan kwafin mariƙan dutsen da na'ura ta ƙera. Simon Lorenzi na Beljiyam ya biyo baya a ƙarshen shekarar. Jarumai ne, ba musu. Sai dai dutsensu yana nan inda suka bar shi, gobe ma su dawo. Masuncin Argungu ba ya da wannan gata: in ya kuskure, sai baɗi, in ma an yi bikin.

Shi ya sa sunayen da suka fito ba su da yawa. Bikin ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2005 an kama kifi mai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a ma'auni. A 2008 kuwa abin kunya aka yi: an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano kifinsa mushe ne da aka shigo da shi. Ni dai ban ga abin mamaki ba, inda aka sa mota da kujerar Makka dole a samu mai neman yanke. Daga baya rashin tsaro ya dakatar da bikin kusan shekara 10, ko da yake a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Da aka dawo a watan Maris na 2020, Abubakar Ya'u daga Augie ya fito da giwan ruwa mai kilo 78, ya tafi gida da naira miliyan 10 da motoci da kujerun aikin Hajji.

Cikin gari, Gidan Tarihi na Kanta ya cancanci a ba shi yini. Tsohuwar fada ce da Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma a nan ake binne sarakunan Kabi. Ga sulke da masu da tambura, ga kuma kayan su irin na dattijon nan, ba abin da ya canza.

Abin da ya canza shi ne ruwan. Madatsun Goronyo da Bakolori suna sama suna riƙe da shi, noman rani yana sha, yashi yana cike gurabe. A 2006 sai da aka soke kamun kifin gaba ɗaya saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai.